Hangen Zuma Ba Shiga Abuja Ba

Muna fata karatu yana tafiya yadda ake so, musamman 'yan ajin ƙarshe da jarrabawa ta sako a gaba. Allah ya ba da sa'a.

Tun da aka fara maganar cike fom ɗin JAMB, tambayar da ta fi yawa a saƙonnin da kuke aiko mana ita ce: wai yaya zaman Abuja yake? Wasunku so suke su zaɓi jami'a a nan. Wasu iyayensu ne aiki zai dawo da su. Wasu kuwa, mu faɗa wa juna gaskiya, so suke su ajiye karatun su taho neman kuɗi, don sun ga wani ɗan unguwarsu a TikTok ya jingina da wata danƙareriyar mota a Maitama. Shekararmu ta uku ke nan muna karatu a wannan gari, don haka yau za mu gaya muku abin da idonmu ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Ranar da muka fara zuwa

Daga Kano muka taso da asuba a motar haya. Bayan mun wuce Kaduna da nisa, rana ta fara yin sanyi, sai ga wani ƙaton dutse ya tokare sama a gefen hanya. Nan take muka gane shi, domin shi ne a bayan tsohuwar takardar naira 100. Muka fara gyara zama muna cewa an iso. Direba ya yi dariya ya ce, "Samari, ku kwantar da hankalinku. Wannan Zuma ne, kuma har yanzu a Jihar Neja muke." Ashe yadda hangen Dala ba shiga birni ba ne, haka hangen Zuma ba shiga Abuja ba ne.

Da aka sauke mu a Zuba kuwa, ba mu ga faffaɗan titunan nan masu fitilu da muke gani a talabijin ba. Tasha muka gani mai ƙura, da 'yan kamasho suna ta ihu, da masu lemo da ayaba, da mutane kala-kala kowa yana yarensa. A ranar muka fara fahimtar cewa Abuja biyu ce: akwai ta hoto, akwai ta zama.

Yadda aka yi garin

Kafin mu shiga zancen zaman, yana da kyau ku san dalilin da ya sa aka gina garin, don shi ne mabuɗin fahimtarsa. Legas ce babban birnin Nijeriya a da. Ta cika ta batse, ga ta a ƙurya a bakin teku, ga ta kuma a yankin ƙabila guda. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin ya duba lamarin. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa, inda kowa zai iya zuwa cikin sauƙi, kuma babu ɗaya daga manyan ƙabilun nan uku da za ta ce garinta ne. A farkon Fabrairun 1976 aka yi dokar kafa sabon birnin, 'yan kwanaki kafin a kashe Murtala a ranar 13 ga watan. An yanko ƙasar daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Gini ya ɗauki shekaru, sai a ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya dawo da fadar gwamnati nan.

Sunan kansa yana da tarihin da ya shafe mu. A zamanin jihadi Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya ya yo kudu da jama'arsa. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, shi ya kafa garin Abuja a 1828. Da sabon birni ya karɓi sunan, sai aka raɗa wa tsohon garin Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

A yau yankin yana da ƙananan hukumomi 6: ta cikin birni, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da Abaji. Ba shi da gwamna. Minista ne da shugaban ƙasa ya naɗa yake tafiyar da shi. Ku riƙe wannan, zai iya fito muku a jarrabawa.

Abin da ke burge mutum

Ba za mu ɓoye muku ba, garin yana da kyau. Duwatsu ne suka kewaye shi, da damina ko'ina kore shar. Dutsen Aso yana tsaye a bayan Fadar Shugaban Ƙasa da Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli, waɗanda aka haɗa su a yanki ɗaya. Wuraren da kuke karantawa a darasin ilmin gwamnati, a nan sai ku wuce su a cikin motar haya. Masallacin Ƙasa mai ƙubbar nan mai ruwan zinare da hasumiyoyi huɗu yana tsakiyar gari, Majami'ar Ƙasa kuma ga ta can ba da nisa ba, kana iya hango su duka biyu daga wuri ɗaya. Ranar Juma'a harabar masallacin kasuwa take komawa: huluna, turare, dabino, littattafai, kilishi.

Wurin hutawa ma akwai wanda bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Lambun Millennium, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a 2003, cika yake yi da iyalai a ranakun hutu, kowa da tabarmarsa da kular abincinsa. Akwai Tafkin Jabi, inda ake motsa jiki da safe. Akwai kuma matasan da ke haɗa ƙungiya ranar Asabar su hau duwatsun gefen gari, kuma wannan ba ya buƙatar komai sai takalmi mai kyau da gorar ruwa. In hutu ya zo, jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016 yana ɗaukar mutum daga Idu ko Kubwa ya sauke shi a Rigasa ta Kaduna.

Ko sunayen tituna darasi ne. Manyan hanyoyi suna ɗauke da sunayen Ahmadu Bello da Obafemi Awolowo da Nnamdi Azikiwe da Herbert Macaulay. A Asokoro za ku ga titin Kwame Nkrumah da na Julius Nyerere da na Nelson Mandela. A Maitama kuwa sunayen koguna aka bi, irin su Nilu da Amazon. Mun taɓa yin gasa a tsakaninmu: duk allon titin da muka wuce, sai mutum ya faɗi wane ne mai sunan, ko a wace nahiya kogin yake. Kunyar da muka sha a ranar ita ta mayar da mu ga littafin tarihi.

To amma duk waɗannan kwana nawa ne ido ya saba da su? Abin da bai taɓa gundurar mu ba shi ne mutane. A ɗakinmu na farko mu huɗu ne: mu daga Kano, da ɗan Inugu, da ɗan Binuwai, da ɗan Ekiti. A tukunya ɗaya muka koyi cin amala da sakwara da miyar agushi, su kuma suka koyi tuwon shinkafa da miyar kuka da ɗanwake. Da azumi, ɗan Binuwai ɗin nan ne yake tashin mu sahur saboda ya fi kowa saurin farkawa, kuma da kansa ya daina cin abinci a gabanmu da rana ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Mu ma ranar Lahadi da safe sai mu bar musu banɗaki da dutsen guga su shirya su tafi coci. Ba wanda ya bar addininsa, ba kuma wanda ya ji an taka shi.

Ban da 'yan ƙasa, ga baƙi daga waje. Ofisoshin jakadancin ƙasashe a nan suke, hedikwatar ƙungiyar ECOWAS ma a nan take. A kasuwar Wuse za ka iya jin Turanci da Burokan da Yarbanci da Ibo da Fulatanci da Faransanci kafin ka gama cinikin takalmi ɗaya. Hausa kuwa tana ci sosai, kuma a nan ne muka gane ba namu ba ce mu kaɗai. 'Yan Filato da kudancin Kaduna da Nasarawa da Neja, Musulmi da Kirista, da ita suke ciniki da hira, wasu har sun fi mu iya karin magana.

Abin da hoto ba ya nunawa

Yanzu mu juya ɗaya fuskar. Mafi yawan masu aiki a Abuja ba a cikinta suke kwana ba. Kuɗin haya a tsakiyar gari ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, kuma masu gidaje kuɗin shekara suke karɓa a dunƙule, wasu ma na shekara biyu. Shi ya sa jama'a suka koma Nyanya da Karu da Kubwa da Lugbe da Gwagwalada, wasu har Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla a Jihar Neja. Mutum zai fito tun duhun asuba don ya tsere wa cunkoson motoci, ya dawo bayan isha'i a gajiye. Akwai yaran da ba sa ganin mahaifinsu ido biyu sai ranar Asabar. A unguwanni da yawa na gefen gari, mai ruwa da kurarsa shi ne famfo.

Zirga-zirga ma tana cin kuɗi. An hana acaɓa shiga tsakiyar birnin tun 2006, kuma an tsara garin ne kamar kowa yana da mota, don haka wurare suna da nisa da juna. Motar haɗaka ake hawa. A nan ne kuma dole mu ja kunnenku game da ɓarayin nan da ake kira 'yan wan-cans, masu fakewa da motar haya su ɗauki fasinja su yi masa fashi a hanya. Abin da manya suka koya mana shi ne: a hau mota a tasha, ba a bakin titi ba, a guji motar da gilashinta ya yi duhu, kada a yi dare ba dalili, a kuma sanar da wani inda aka nufa.

Sai babbar cutar garin, wato rayuwar ƙarya. Motar da ɗan unguwarku ya jingina da ita, ta yiwu wanke ta aka ba shi. Ba laifi ba ne wankin mota, sana'a ce ta halal. Laifin shi ne ya sa ku yi wa rogo kallon kitse har ku bar aji. Mun ga 'yan'uwanmu da suka taho ba takarda ba sana'a, suna kwana a kangon gini ko a rumfar mai shayi, kunya ta hana su komawa gida. Mun ga ɗalibai, maza da mata, da son a ce su ma wasu ne ya jefa su bashi ko hannun mutanen banza. Garin da manyan masu kuɗi da masu mulki suke zaune kusa da kai yana da wannan haɗari: kullum ido yana ganin abin da aljihu ba zai iya ba. Wanda bai zo da wadatar zuci daga gida ba, a nan ba a sayar da ita.

Ranar da muka yi kuskure

Akwai abin da ya faru da mu a shekararmu ta farko da har yau in mun tuna sai mun ji kunya. Muna hira bayan lacca, ana gardamar wane ne ɗan gari wane ne baƙo, sai muka ce, "Ai Abuja ba garin kowa ba ne, daji ne gwamnati ta sare ta yi gini." Mun faɗa ne da zuciya ɗaya, don haka muka saba ji. Wani ɗan ajinmu mai yawan shiru ya dube mu ya ce da Hausa tsantsa, "Ɗan'uwa, dajin nan da kake faɗa, a cikinsa aka haifi kakana, a cikinsa ya yi noman doya, a cikinsa aka binne shi." Wurin ya yi tsit.

Ɗan ƙabilar Gbagyi ne, waɗanda mu Hausawa muke kira Gwari. Su da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana da wasunsu suna zaune a wannan ƙasa tun kafin a yi mafarkin birnin. Sunaye irin su Garki da Wuse da Jabi da Maitama duk sunayen ƙauyuka ne da aka tarar. An tashi wasu daga gidajensu da gonakinsu aka kai su wasu wurare. Garin Sabon Wuse da ake wucewa a hanyar Kaduna, daga nan ya samo sunansa. Har yau maganar diyya da filin noma ba ta mutu a bakinsu ba, kuma suna kukan cewa su kaɗai ne 'yan Nijeriya da ba sa zaɓen gwamna ko 'yan majalisar jiha a mahaifarsu.

Mun ba shi haƙuri, ya kuma haƙura. Sai ya ƙara mana da wani abu da ba mu taɓa tunani a kai ba. Ya ce tun yana firamare yake jin ana cewa wane yana gwaranci in bai iya magana ba, ko a kira mutum Bagware in ana son a ce bai waye ba. Ya ce, "Ku wasa kuke yi, mu kuwa sunanmu ne." Mu da muke jin zafi in an kira kowane ɗan Arewa "aboki" da sigar raini a kudu, ashe muna da irin namu a baki ba mu sani ba.

Daga baya ya gayyace mu ƙauyensu. Mahaifiyarsa ta dawo daga gona da itace a kafaɗa, domin matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya ba a ka ba. Muka durƙusa muka ce, "Sannu da aiki, Mama." Ta ce, "Sannunku 'ya'yana," ta dafa mana doya, ta kuma haɗa mu da wata mu tafi da ita makaranta. A hanyar dawowa ya zaro naira 20 ya nuna mana matar da ke bayanta tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, 'yar garin Kwali, wadda tukwanenta suka kai ta har Turai da Amurka, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Shekara nawa muna kashe naira 20 ba mu taɓa tambayar wace ce ba.

Wannan rana ta koya mana cewa zama da mutane iri-iri ba cin abincinsu ba ne kawai. Sai ka yarda cewa kowa yana da labarin da ba ka sani ba, kuma maganar da kai ka ɗauka wasa tana iya zama gyambo a wurin wani.

Guzurin da za ku taho da shi

To ga mai niyyar zuwa, ko don karatu, ko bautar ƙasa, ko aiki nan gaba, ga abin da muke ganin ya fi akwatin kaya muhimmanci.

Na farko, takardarku. Ku gama sakandare da sakamako mai kyau. Garin nan ya tara masu digiri daga jihohi 36, kowa yana neman gurbi ɗaya. Wanda ya zo hannu rabbana, wahala ce za ta tarbe shi tun daga tasha.

Na biyu, Turanci. Da yake Hausa tana ci a kasuwa da tasha, mutum zai iya shekara a nan bai fita daga cikin 'yan garinsu ba, ya koma gida yadda ya zo. Mun ga masu ƙwaƙwalwa da suka kasa ɗaga hannu a aji don tsoron a yi musu dariya. Ku fara yanzu: ku shiga ƙungiyar muhawara, ku karanta jarida da ƙarfi, ku yi kuskuren a gaban malaminku tun yana gyara muku kyauta. In makarantarku ana koyar da Faransanci, kada ku raina shi. Hausarku kuma ku riƙe ta da kyau, ku iya rubuta ta daidai, domin gidajen rediyo da jaridu da ƙungiyoyi suna neman masu fassara.

Na uku, sana'ar hannu. Ɗinki, gyaran waya, aski, kitso, lalle, girki, aikin kwamfuta. Ɗaliban da muka ga sun fi kwanciyar hankali su ne waɗanda ba sa jiran saƙon gida kafin su ci abinci.

Na huɗu, sanin kai. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma saɓanin ya fi sauƙin faruwa in al'ada ba ɗaya ba. Ka riƙe sallarka ko cocinka, ki riƙe suturarki da tarbiyyar gidanku, ba tare da an raina na wani ba. Mun lura cewa mutane sun fi girmama wanda ya san iyakarsa ya kuma faɗe ta cikin ladabi, fiye da wanda ke canza launi a kowane taro.

Wannan na ƙarshen ba sai kun zo Abuja za ku koye shi ba. A ajinku akwai wanda sunansa ko yarensa ko addininsa ya bambanta da naku. Wataƙila shekara uku kuna benci ɗaya ba ku taɓa tambayarsa sunan garinsu ba. Ku tambaye shi a wannan makon. Ku koyi yadda ake cewa "ina kwana" da "na gode" da yarensa, ku ga yadda fuskarsa za ta canza.

Aikin gida na wannan mako: ku samo takardun naira 5 zuwa naira 1,000, ku rubuta sunan kowane mutum da kowane wuri da ke jikinsu, da jihar da yake. Wanda ya haɗa su daidai ya aiko mana, za mu buga amsarsa a wannan shafi. Masu zaune a Abuja da kewaye kuma, ku rubuto ku gaya mana abin da muka manta.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A yi karatu da kyau.